Sunayen da ke Ƙofar Bariki: Inda Bataliyoyin Najeriya Suka Taka a Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu



Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran shugabanninmu, iyayenmu malamai da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka samu halarta.

An ba mu wannan dama ne domin mu ce wani abu game da ranar 15 ga Janairu da ke tafe, wato Ranar Tunawa da Mazan Jiya. Kowace shekara muna ganin yadda ake yi: a ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tantabaru, kowa ya watse. Washegari mu koma aji, mu ci gaba da lissafi da Turanci, ba mu ce wa yara komai ba. Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu kuwa wata 'yar kunya ce da muka sha, kuma gara mu faɗe ta da bakinmu.

Wata rana mun ɗauki 'yan aji biyar zuwa yawon buɗe ido a cikin garin Kaduna. Da motarmu ta zo wucewa ta Kawo, sai wani yaro mai son karanta duk allon da ya gani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wane ne Dalet? Sarki ne ko gwamna?" Mu uku ne malamai a cikin motar. Ɗayanmu ya ce wataƙila sunan wani Bature ne, sauran muka yi shiru, direba ya ƙara wuta. Sai daga baya, da muka zauna muka bincika, muka tarar Dalet sunan wani rafi ne a gaɓar tekun ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu kan kira Bama, yau kuma ake kira Myanmar, inda kakannin irin waɗannan yara suka yi yaƙi a 1945. Mun yi shekaru muna wuce wannan ƙofa, ba mu taɓa tambaya ba sai da yaro ya tambaya.

Dalet ba shi kaɗai ba ne. A nan Kaduna akwai barikin Kalapanzin. A Zariya akwai barikin Chindit. A Abuja akwai Mogadishu, a Ibadan akwai Letmauk, a Legas akwai Arakan da Myohaung da Dodan, wanda ya zama fadar mulkin ƙasar nan tun daga 1966 har zuwa 1991. Duk wanda ya jera waɗannan sunaye a kan allo, ya zana taswirar tafiyar wata runduna guda da Ingila ta kafa a ƙasarmu, wato Rejimen ta Najeriya. Tafiyar bataliyoyinta muke so mu bi yau, daki-daki.

Kafin mu shiga tafiyar, ya kamata mu fahimci tsarin, domin rashin fahimtarsa ne ke sa labarin ya rikice wa mai karatu. A tsarin sojan ƙasa na Ingila, rejimen kamar babban gida ne mai suna ɗaya da tambari ɗaya da al'ada ɗaya. Bataliyoyi su ne 'ya'yan gidan, kowace da lambarta, kowace tana da mutum kamar 700 zuwa 1,000. Gidan ba ya tashi gaba ɗaya ya tafi yaƙi wuri guda. Ana ɗaukar bataliya uku a haɗa su su zama birged, a haɗa birged uku su zama babbar runduna mai lamba. Saboda haka 'yan gida ɗaya sukan rarrabu: wannan bataliya tana hamada, waccan tana kurmi, wata kuma tana gadin tashar jiragen ruwa a wata ƙasa daban. Shi ya sa in tsoho ya ce ya yi yaƙin Hitila, tambayar da za ta buɗe labarinsa ita ce: a wace bataliya?

Gidan da muke magana a kai ya samo asali ne tun 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya mai da su dakaru. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. A ranar 1 ga Janairu 1914, ranar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka haɗe rundunonin sassan biyu suka zama Rejimen ta Najeriya. Hafsoshi duk Turawa ne, dakaru kuwa 'yan ƙasa, kuma Hausa ce harshen bariki na tsawon shekaru, har hafsan da ya zo daga Ingila sai ya koye ta kafin ya ji daɗin aikinsa. Daga nan ne kalmomi irin su kofur da saje da samanja da kurtu suka zauna a bakinmu.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin faɗi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan runduna ce, a ƙarƙashin tsohon sunanta, ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya rasu ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ita ce kuma ta rushe Satiru a 1906. Hannuwan da suka riƙe bindigogin nan, mafi yawansu hannuwan 'yan ƙasa ne. Duk malamin da zai koyar da bajintar Burma ya tsallake Burmi, rabin darasi ya bayar.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta 1914, filin dagar farko yana bakin ƙofarmu, domin Kamaru a lokacin tana hannun Jamus. Dakarun rejimen suka tsallaka iyaka ta wurare da dama. Waɗanda suka tashi daga Yola suka kai wa Garwa hari a ƙarshen Agusta, aka kora su da asara mai yawa, har kwamandansu ya mutu a wurin. Sai a watan Yuni 1915 Garwa ta faɗi, Banyo ta biyo baya a Nuwamba. A can arewa kuwa, a kan dutsen Mora, wata 'yar ƙaramar rundunar Jamus ta ƙi miƙa wuya tun daga Agustan 1914 har zuwa Fabrairun 1916. Abin lura a nan shi ne, dakarun da ke kan dutsen ma 'yan Afirka ne, wasunsu harshe ɗaya suke yi da masu kewaye da su a ƙasa.

Ba a gama hutawa daga Kamaru ba, sai aka haɗa bataliya huɗu aka sa su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, inda Janar Lettow-Vorbeck na Jamus ya gagari kowa. Sun sauka Darussalam a ƙarshen 1916. A farkon 1917 damina ta rutsa da su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, yunwa da zazzaɓi suka yi musu ɓarnar da ta kusa kai ta harsashi. A watan Oktoba na wannan shekara suka shiga gumurzun Mahiwa, ɗaya daga cikin mafi muni a yaƙin Gabashin Afirka baki ɗaya. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka dawo Legas a 1918.

Bayan shekara 21 duniya ta sake rikicewa. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, ita kuwa tana riƙe da Habasha da wani yanki na Somaliya, tana barazana ga Kenya. Nan da nan aka tura Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 zuwa Kenya, aka kira haɗakarsu Birged ta 23. A watan Fabrairu 1941 suka tsallake kogin Juba a cikin motoci, suka shiga birnin Mogadishu ranar 25 ga wata. Ba su daɗe ba suka juya arewa, suka ratsa busasshen dajin Ogaden, suka isa Jijiga ranar 17 ga Maris, suka fasa mashigin duwatsun Marda, kafin watan ya ƙare suna cikin tsohon birnin Harar. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 cikin wata guda, ana yi ana faɗa. Addis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Ke nan akwai hannun 'yan Najeriya a 'yantar da ƙasar Afirka ta farko da aka ƙwato daga 'yan mamaya a wannan yaƙi. Asalin sunan barikin Mogadishu ke nan.

Daga Habasha aka dawo da su gida, kuma akwai dalili. Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, ƙasashen da Faransa ke mulka suka rabu biyu. Cadi da Kamaru suka bi Janar De Gaulle, amma Nijar da Dahomey da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suka zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Kano da Damagaram, ta zama iyakar da ake tsoro, duk da cewa dangi ɗaya ne a hagu da dama. Dole aka ajiye dakaru suna tsaro, aka kuma ci gaba da ɗaukar sababbi ana kafa ƙarin bataliyoyi. Wasu sun shiga da son ransu, don albashi ko don ganin duniya. Wasu kuwa hakimi ne ya aiko wa dagaci da adadin da ake so, dagaci ya nuna gidan da za a shiga. A ƙarshen 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa ta koma ɓangaren Ingila da Amurka, tsoron iyaka ya kau, sai ga dubban dakaru horarru ba abokin gaba a kusa.

A daidai wannan lokaci Ingila tana cikin tsaka mai wuya a Asiya. Japan ta ƙwace Burma a 1942, tana ƙofar Indiya. Manyan hafsoshi suka yanke shawarar kai dakarun Afirka ta Yamma can, bisa dalilai biyu. Na farko, sun ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne, ya saba da duhun daji da sauro, alhali yaron da aka ɗauko daga Gumel ko Argungu bai taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. Na biyu, dakarunmu suna da abin da sauran ba su da shi, wato rukunonin masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda za su iya kai harsashi da abinci da igwa inda mota ba ta zuwa, inda ko alfadari sai ya ja tunga.

A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Tambarin Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin mutanen Gana, ɗan'uwan Gizon namu mai cin nasara da dabara. Tambarin ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye a kan gammo. Muna roƙon 'yan'uwa su riƙe wannan gammo a zuciya, za mu dawo kansa. Bataliyoyin Najeriya goma ne suka je Burma, kuma ga yadda aka raba su. Bataliya ta 4 tana cikin Runduna ta 81, a birged ɗaya da 'yan Saliyo da 'yan Gambiya. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 su ma da Runduna ta 81 suka tashi, amma da aka isa Indiya aka cire su aka ba su wani aiki na musamman. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, tsofaffin hannun Habasha, tare da ta 5 da ta 9 da ta 10, suna cikin Runduna ta 82. In aka haɗa duka, kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi aiki a wannan fage, kusan rabinsu ko fiye 'yan Najeriya.

Runduna ta 81 ce ta fara tafiya. Daga Legas jirgin ruwa ya zagaya da su ta ƙarshen kudancin Afirka, makonni suna kan teku, suka sauka Bombay, sannan jirgin ƙasa ya ratsa da su faɗin Indiya zuwa gabas. Aikinsu shi ne su shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine, yankin nan da muke jin labarin 'yan Rohingya a cikinsa. Babu hanya zuwa kwarin, sai suka sare ta da adda da gatari da shebur, fiye da kilomita 100 a kan tsaunuka, har aka raɗa mata suna Hanyar Afirka ta Yamma. Da suka yi nisa, abincinsu da harsashinsu duk daga sama jirage ke jefo musu, kuma suna cikin manyan rundunonin farko da aka taɓa ciyarwa ta wannan hanya kaɗai. A farkon 1944 suka gangara har Kyauktaw, amma a watan Maris Japanawa suka zagayo ta bayansu, dole suka ja da baya. Bayan damina suka sake shiga kwarin.

A cikin wannan ja da baya ne wani abu ya faru da ya cancanci a faɗa wa yara. Wani matashi ma'aikacin jinya mai suna Isaac Fadoyebo, daga wani ƙauye kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya samu mummunan rauni a ƙafa da Japanawa suka far wa rukuninsu a bakin Kaladan. Aka bar shi a matsayin matacce, shi da wani ɗan Saliyo mai suna David Kargbo. Wani manomi Musulmi na yankin, Shuyiman, ya ɓoye su, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in an gano, shi da iyalinsa ba za su kwana a duniya ba. A ƙarshen 1944 aka ceto su. Fadoyebo ya dawo gida ya rubuta labarinsa da hannunsa, ya rayu har 2012. Da bai rubuta ba, da labarin ya bi dubban irinsa zuwa kabari.

Bataliyoyi ukun da aka cire kuwa, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da rundunar Janar Wingate da ake kira Chindit, wadda aikinta shi ne a sauke ta da jiragen sama can bayan layin abokan gaba a arewacin Burma, ta datse hanyar dogo da ta mota. A Maris da Afrilu 1944 aka sauke su. Sun riƙe sansanoni a tsakiyar ƙasar da Japanawa ke iko da ita, mafi shahara shi ne wanda ke kusa da garin Mawlu, da aka yi wa laƙabi da Farin Birni saboda yawan fararen lemomin jefo kaya da suka maƙale a kan itatuwansa. Dare bayan dare ake kawo masa hari, bai faɗi ba. Da damina ta sauka, sai tafiya a cikin taɓo, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga ƙarancin abinci. Sai wajen Agusta aka fitar da su. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris, tun aikin yana farawa. A wannan shekara ta 1944 Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi tattaki har Indiya da Burma ya gana da dakarun Najeriya. Marubucin nan ɗan Kafanchan, Biyi Bandele, wanda mahaifinsa tsohon sojan Burma ne, ya gina littafinsa na 2007 a kan waɗannan bataliyoyi. Su ake tunawa da barikin Chindit na Zariya.

Runduna ta 82 ta iso Indiya a 1944, ta shiga fage a ƙarshen shekarar ta kwarin kogin Kalapanzin, ta karɓe garin Buthidaung a watan Disamba. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung, tsohon babban birnin masarautar Arakan, suka kore Japanawa daga cikinsa. Daga nan aka mai da ta 81 Indiya, ta 82 ta ci gaba da gangarawa kudu ta gaɓar teku, tana tsallake rafuka da fadamu: Dalet, Tamandu, Letmauk, har Taungup, har Gwa a watan Mayu. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, amma saboda ƙarancin jirage, da yawa daga cikin dakarunmu ba su ga gida ba sai 1946. Har yau sojan Najeriya yana riƙe da lambobin nan biyu: Runduna ta 81 tana Legas, ta 82 tana Inugu.

Akwai mutum guda da rayuwarsa ta tattara kusan duk wannan tafiya, wato Chari Maigumeri. Ya fara soja yana yaro a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga Rejimen ta Najeriya, ya yi Gabashin Afirka, ya yi Habasha, ya yi Burma, ya kai muƙamin babban samanja, ya ajiye aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lokoja yana ɗauke da sunansa. Mu lura da inda ya tsaya. Duk tsawon yaƙin, babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa a rejimen ɗin; sai bayan yaƙi, a ƙarshen shekarun 1940, aka fara. Samanjan da ya yi shekara talatin a bakin daga, dole ya sara wa laftanan da aka haifa bayan ya shiga soja.

Yanzu mu koma kan gammo. Dubban mutanen da suka je Burma aikinsu dako ne. Soja ne, yana da lamba, yana cikin haɗari ɗaya da kowa, amma sau da yawa abin da ke hannunsa adda ce, abin da ke kansa kuma akwatin harsashi ko ɓangaren igwa, ko kuma makarar wanda aka harba. Ba domin wuyansu ba, da rundunonin nan ba su shiga inda suka shiga ba. Duk da haka, albashin sojan Afirka da kuɗin sallamarsa ba su kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba, ko kusa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko a mutuwa ma ba a daidaita ba. A watan Afrilu 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Ingila ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Na Burma sun ɗan fi sa'a: a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai namu. Sai dai iyalai nawa ne a Arewa suka san sunan kakansu yana can a sassaƙe?

To, me za mu ce wa yaron da ya tambaye mu ko yaƙin wa suka yi? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata mu rufe masa baki ba. Mu gaya masa cewa ba su ne suka ɗaura yaƙin ba, ba a kuma shawarce su ba, ƙasarsu ma a lokacin tana hannun wanda ya tura su. Mu gaya masa kuma cewa sun tsaya wa juna a inda tsayuwa ke da tsada, sun taimaka an karya mulkin da ya ɗauki baƙar fata ba a bakin komai ba, sun dawo da buɗaɗɗen ido. Da yawansu a bariki suka koyi karatun boko da tuƙi da kanikanci. Sun ga Indiya tana gab da karɓar 'yancinta, sun ga Bature yana jin tsoro yana zubar da jini kamar kowa. Shekara 14 bayan dawowarsu tutar Ingila ta sauka a Legas. Yaro ɗan aji biyar yana iya ɗaukar gaskiya mai fuska biyu, in malaminsa ya yarda ya ba shi.

An cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. Akwai matasan malamai a wannan ɗaki da suka yi karatu a cikin wannan giɓi, ba laifinsu ba ne. Amma yanzu da darasin ya dawo hannunmu, muna da shawarwari da ba sa bukatar kasafin kuɗi ko jiran takarda daga ofis.

Mu ɗauki taswirar duniya, ko da wadda muka zana da alli ce, mu sa yara su ja layi daga Legas zuwa Mombasa da Mogadishu da Harar, su ja wani daga Legas ya zagaya kudancin Afirka zuwa Bombay da Arakan, su rubuta lambar kowace bataliya a inda ta je. Darasi guda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da lissafin nisa.

Sannan mu ba su aikin gida na tambaya: a gidanku ko a unguwarku akwai wanda ya je yaƙin Bama ko na Habasha? Mene ne sunansa, daga wane gari, a wace bataliya, ya dawo ko bai dawo ba? Da muka gwada wannan a ajinmu, wata yarinya ta zo da wata tsohuwar lambar yabo mai siffar tauraro, wadda kakarta ta ajiye a ƙasan adudu tun rasuwar mijinta, ba wanda ya taɓa gaya wa jikokin ko ta mece ce. Mu tanadi littafi guda a kowace makaranta mu riƙa rubuta abin da yara suka kawo, da izinin iyayensu, mu mayar wa kowa da kayansa. In reshe ya amince, a ƙarshen shekara a tattara littattafan nan wuri ɗaya.

Kuma mu yi sauri. Wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18, in yana raye, yau yana bakin shekara ɗari. Waɗanda suka rage ba su da yawa, amma matansu da 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna nan a cikinmu, wasu ma a wannan ɗaki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mu je mu gaishe su, mu zauna a tabarma mu saurara, mu rubuta.

Yaron nan da ya yi tambaya a Kawo ya riga ya wuce sakandare. Mun neme shi kafin ya bar makarantarmu, mun ba shi amsarsa, ko da yake ta zo a makare. Fatanmu shi ne ƙanensa in ya yi irin wannan tambaya, ya samu amsa tun motar ba ta wuce ƙofar ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, na Garwa da Mahiwa, na Marda da Kaladan, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Allah ya kare 'ya'yanmu da ke bakin daga a yau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a aikinmu na koyarwa.